DARASI: Rijiyar Unguwarmu Ta Lalace, Ƙofar Wa Za Mu Ƙwanƙwasa?

'Yan'uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƙaramar hukuma da ayyukan raya ƙasa da ake kawo mana unguwanni. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwanmu da sakatariya? Ai wannan harkar maza ce da 'yan siyasa." To, 'yar'uwa, ki duba ki gani. Ranar da tuƙa-tuƙan unguwa ya tsaya, wa ake tasa da asuba neman ruwa? Ranar da aka tarar da asibitin mazaɓa a kulle, wace ce ke naƙuda a bayan babur? Mu ne da 'ya'yanmu. Mu malaman Islamiyya muna ganin abin a rajista: da zarar bazara ta kama, 'yan mata sun fara makara ke nan, in kin tambaya a ce suna layin ruwa.

Zan yi misali da Ƙaramar Hukumar Tofa, amma abin da zan faɗa ya hau kan kowacce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, da 774 na ƙasa baki ɗaya.

Aikin wa ne?

Kafin 1976 mulkin En'e iyayenmu suka fi sani. A wannan shekarar ne gwamnatin soja ta yi gyaran da ya mai da ƙananan hukumomi tsari ɗaya a duk faɗin Nijeriya, suka zama mataki na uku na gwamnati. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya ce zaɓaɓɓun mutane ne za su riƙe su. Jadawali na huɗu na kundin kuma ya jero ayyukansu. A ciki akwai hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kasuwa da tasha da mayanka, da ban-ɗakin jama'a, da kwashe shara, da kula da maƙabarta. Akwai kuma sa hannu a ilimin firamare da na manya, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma.

Amfanin sanin wannan shi ne kada a kai kuka inda ba a da maganinsa. Kwalbatin da ya karye a cikin gari na ƙaramar hukuma ne. Babban titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Janguza zuwa Gwarzo kuwa ya fi ƙarfin kansila, ko kwana aka yi a ƙofar gidansa. Rufin ajin firamare da iska ta yaye, ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai bi zuwa hukumar SUBEB ta jiha. Ruwan sha na karkara kuma akwai hukumar jiha mai suna RUWASA da aka kafa dominsa. Sau da yawa ana cewa "an ƙi mu," alhali takardar ce ta shiga ofis ɗin da ba nata ba.

Tofa tana da mazaɓu 15, irin su Lambu da Langel da Doka da Yanoko da Wangara da Janguza, kowacce da kansilanta. A ƙidayar 2006 an samu mutum 97,734 a ƙaramar hukumar, yau kuwa an haura haka nesa. Idan kika raba za ki ga kowane kansila yana wakiltar dubban mutane, kuma duk da haka shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da ke. Mazajenmu suna haɗuwa da shi a masallaci da wurin ɗaurin aure. Amma mata nawa ne a cikinmu za su iya faɗin sunansa yanzun nan ba tare da sun tambayi maigida ba?

Daga ina kuɗin yake zuwa?

Mafi yawan kuɗin ƙaramar hukuma daga asusun tarayya yake fitowa duk wata. A tsarin rabon, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi duka su raba 20.60. Sai ɗan abin da ake tarawa a gida, kamar kuɗin rumfar kasuwa da na tasha, wanda a ƙaramar hukumar karkara bai taka kara ya karya ba.

Shekara da shekaru kuɗin yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin ya tanada. A nan rigimar take, domin an daɗe ana kukan cewa abin da ke isowa sakatariya bai kai abin da ya baro Abuja ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon ɗora kantoma a maimakon zaɓaɓɓen shugaba. Bayan haka jihohi suka yi ta gudanar da zaɓe. Na Kano an yi shi ranar 26 ga Oktoba, 2024, aka cike kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484. Sai dai batun biyan kuɗin kai tsaye ya gamu da jan ƙafa, har cikin 2025 ana ta kai ruwa rana a kansa.

A nan ya kamata mu yi adalci. Kafin a yi maganar sabon aiki, sai an cire albashin ma'aikata da na malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta. Abin da ya rage shi mazaɓu za su yi rububi a kai. Don haka in ciyaman ya ce babu kuɗi, ba kullum ne ƙarya yake yi ba. Amma "babu kuɗi" ba ta hana a tambaye shi nawa ya shigo, me aka yi da shi. Dukiyar jama'a amana ce a hannunsa, kuma mai amana ba ya fushi don an tambaye shi lissafi.

Me ya sa burtsatse ke mutuwa?

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne muke da ta cewa. Ki zaga ƙauyukanmu ki ƙirga rijiyoyin burtsatse da aka yanka musu zare da kiɗa da tafi, yau awaki ke kwana a gindinsu. Yawancinsu ba wata babbar cuta ce ta kashe su ba.

Wata tun ranar haƙa aka cuce ta. Ƙasarmu ta wannan yanki a kan dutse take zaune, ruwan yana maƙale ne a tsagar dutse da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Shi ya sa za ki ga an samu ruwa a nan, a matsa kaɗan a haƙa a tashi a tutar babu. Dole a kawo masu awon ƙasa su duba kafin a kafa inji. Amma sai a ce a'a, a ƙofar gidan wane za a yi, saboda shi ya kawo ƙuri'a. Haka kuma rijiyar da aka haƙa da damina ko kaka, lokacin da ruwa ke kusa, tana iya yaudarar mutane. Ɗan kwangila ya ga ruwa ya tsaya, an biya shi ya tafi, watan Afrilu na zuwa sai iska. Zurfin da aka rubuta a takardar kwangila da wanda aka haƙa, wa ya tsaya ya ƙirga bututun da aka zura?

Wata kuma lafiya lau aka yi ta, rashin kulawa ya kashe ta. Tuƙa-tuƙa yana da roba a ciki da sarƙa da ƙusoshi waɗanda dole su cinye, kamar yadda takalmi ke cinyewa. Canja su ba ya cin kuɗi mai yawa. Amma in aka bari robar ta mutu, yara su yi ta bugun hannun da ƙarfi don ruwa ya fito, sai sanda ta tsinke ta faɗa ciki, ƙaramin gyara ya koma babba. Mai sola kuma ƙurar hunturu ke rufe masa fuska ƙarfinsa ya ragu, alhali tsumma da ruwa kawai yake buƙata. Ga masu kwance allunan da dare in babu mai gadi.

Sabon aiki yana da allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo shi, gyara kuwa ba a kafa masa allo. Don haka ɗan siyasa ya fi son ya haƙa sabuwa kusa da matacciya. Mutanen gari kuma suna cewa "ta gwamnati ce," kowa ya naɗe hannu. Ko Ainu Zubaida, ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa mahajjata zuwa Arfa da Makka, ya yi ɗaruruwan shekaru yana amfani ne saboda waɗanda suka zo bayanta sun yi ta yashe shi suna gyarawa. Mai neman ladan sadaka mai gudana ya sani, wanda ya tayar da rijiyar da ta mutu shi ma ya shayar.

Maganin da na fi gamsuwa da shi shi ne asusun gyara, tun ranar da aka buɗe rijiya. Ga misali don lissafi kawai: gida 60 suna shan rijiya ɗaya, kowane gida ya ba da naira 200 a wata. An samu 12,000 ke nan a wata, 144,000 a shekara. Ki kwatanta da abin da gida ɗaya ke ba 'yan garuwa a mako guda na bazara. Mu da muka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kanmu ba, wannan ba zai gagare mu ba. Ni a ganina ma'ajiyar asusun ta zama mace, a sa littafi, a riƙa karanta shi a bainar jama'a. In wata ta ji kamar son kai ne, ta tuna wa ke fara sanin famfo ya soma tari.

Kujerun da aka ware mana

Akwai kwamitocin da gwamnati da kanta ta tanada, kuma da gurbin mata a ciki. Na farko kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke sa ido kan asibitin mazaɓa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya da kuɗin zai riƙa shiga asusunsa don magani da ƙananan gyare-gyare. Wannan kwamiti yana cikin masu duba yadda ake kashe shi. Idan babu mace mai magana a wurin, wa zai ce ɗakin haihuwa ba shi da labule, ko babu fitila da dare, ko ranar awo ma'aikaciya ba ta zuwa sai rana ta take?

Na biyu kwamitin SBMC na kowace makarantar firamare, mai wakilan iyaye da malamai da masu unguwanni da mata. Na uku kwamitin ruwa da tsafta da akan kafa idan hukuma ko wata ƙungiya ta haƙa rijiya. Abin takaici, sau da yawa sunan mace kawai ake rubutawa don a cike takarda, ita ba ta ma san an sa ta ba.

Wata za ta ce mijinta ba zai bar ta zuwa taro ba. Wannan gaskiya ce a gidaje da yawa, kuma ba na kiran kowa ta saɓa wa mijinta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gamu da irin wannan, sai ta zaɓi dattawan mata, jajis, su ne ke tafiya su karɓo karatu su kawo wa na cikin gida. Mu ma muna da iyaye mata da ungozomomi da malamai waɗanda fitarsu ba ta da wata matsala. A tattara magana a makarantar matan aure, a ba su su kai.

Yadda ake kai buƙata

Magana ta baki iska ce ke tafiya da ita, a rubuta. A zaɓi buƙata ɗaya tak, domin takardar da ta nemi ruwa da titi da asibiti da taki a lokaci guda ba ta samun ko ɗaya. A faɗi sunan unguwa da mazaɓa, da adadin gidajen da abin ya shafa, da tun yaushe aka lalace. A faɗi abin da jama'a za su yi da kansu, ko yashi ne, ko aikin gayya, ko asusun gyara, don hukuma ta fi sauraron wanda ya zo da nasa a hannu. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a ba kansila, a kai kwafi ofishin shugaban ƙaramar hukuma, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za ku riƙe. Wannan kwafin mai hatimi shi ne shaidarku in an ce ba a gani ba.

Sai lokaci. Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take farawa zuwa Disamba, ana kuma shirya kasafi a watannin ƙarshen shekara. Mu kuwa sai Afrilu, da rijiya ta ƙafe, muke tashi, lokacin an riga an rufe littafi. Buƙatar bazara tun da kaka ake shigar da ita. Kuma a guji rubuta ta da sunan jam'iyya ko da zagi. Ruwa kowa ke sha, kuma kansilan da aka ci wa mutunci a takarda ba zai ɗauke ta ya kai gaba ba.

In Allah Ya sa aka amince, kada a ce an gama. A nemi sanin sunan ɗan kwangila, da abin da aka ce ya yi, da ranar gamawa. A wakilta mutum biyu su tsaya ranar haƙa. Kada mai unguwa ya sa hannu cewa an kammala sai an ga ruwa ya yi kwanaki yana zuba.

Aikin gida kafin zama na gaba: kowane reshe ya ƙirgo rijiyoyin burtsatse da ke unguwarsa, nawa ke aiki, nawa suka tsaya, da abin da ya tsayar da kowacce in an sani. A zo kuma da sunan kansilan mazaɓa, da sunayen matan da ke cikin kwamitin asibiti da na makaranta. Sakatariyar reshe ta taho da littafi da biro, a wurin za mu rubuta takardar farko tare, in sha Allahu.

Wassalamu alaikum.