Darasi Kan Tafiye-Tafiye: Hanyoyin Isa Birnin Istanbul Da Zirga-Zirga A Cikinsa

Birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wanda magabata ke kira Santambul, yana cikin wuraren da 'yan kasuwar Nijeriya kan je hutu, su kuma haɗa da saro kaya. Birnin na da mazauna fiye da miliyan 15, kuma mashigin ruwan Bosforas ya raba shi gida biyu, ɓangaren Turai da na Asiya. Babbar matsalar baƙo a can ita ce cunkoson motoci, wanda kan cinye lokaci da guzuri. Saboda haka wajibi ne matafiyi ya san hanyoyin sufuri tun kafin ya bar gida.

Kamfanin Turkish Airlines yana jigilar fasinjoji kai tsaye daga Legas da Abuja, tafiyar kimanin awa bakwai. Akwai kuma jiragen da kan yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, sai dai tafiyar takan ƙara tsawo. Dole ne a mallaki biza kafin tashi. Ya kamata kuma a duba tikiti da kyau, domin filayen jirgin sama biyu ne: babban filin Istanbul da aka buɗe a 2018 a ɓangaren Turai, da kuma na Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya.

Daga babban filin zuwa tsakiyar gari akwai tazarar kimanin kilomita 40. Mai kaya da yawa ko mai iyali zai fi samun sauƙi a motocin safa na Havaist ko a tasi. Wanda kayansa ba su da nauyi kuwa, sai ya shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa mai lamba M11, wanda ya soma aiki a 2023, ya sauka a Gayrettepe, ya canja zuwa M2 mai ratsa Osmanbey da Taksim.

A cikin gari, abu na farko shi ne sayen katin Istanbulkart a na'urorin da ke tashoshi. Da wannan kati guda ake biyan kuɗin bas, da jirgin ƙasa, da jirgin fito. Layin da ya fi yi wa ɗan kasuwa amfani shi ne T1, jirgin da ke bin kan titi daga Kabatash zuwa Bagcilar. Yana tsayawa a Sultanahmet, inda masallacin Aya Sofiya yake, da bakin Babbar Kasuwa mai rufi, wadda ba ta ci ranar Lahadi, sannan da Laleli da Merter, unguwannin dillalan tufafi. Ke nan wanda ya kama masauki kusa da wannan layi ya haɗa yawon buɗe ido da fatauci ba tare da wahalar mota ba.

Tsallakawa ɓangaren Asiya hanya biyu ce mafi sauƙi. Jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy yakan ɗauki kimanin minti 20, fasinja na kallon fadoji da hasumiyoyin masallatai. Mai gaggawa kuwa sai ya bi jirgin Marmaray, wanda tun 2013 yake ratsawa ta ƙarƙashin teku daga Sirkeci zuwa Uskudar cikin 'yan mintoci. Haka nan ana zuwa tsibirin Buyukada a jirgin ruwa, inda aka daina amfani da keken doki a 2020, aka maye gurbinsa da motoci masu lantarki.

Game da tasi, ya kamata fasinja ya tabbata direba ya kunna mita, ya kuma sani cewa kuɗin haye gada a kansa yake. Ranar komawa gida kuma, a ware awa huɗu ko biyar tsakanin barin masauki da tashin jirgi, domin cunkoson yamma kan sa matafiyi asarar tikitinsa.