Ba Kowane Sandarewa Ne Aikin Iska Ba

Ku ɗaliban aikin jinya da ke koyon aiki a manyan asibitocin Sokode da Dapaong, asibitin masu taɓin hankali na Zebe yana can Aneho, bakin teku. Saboda nisan nan, mara lafiya daga Langabou ko Zangon Sokode hannunku zai fara faɗowa.

Ku kula da magungunan taɓin hankali Haldol da Largactil. A kwanakin farko, musamman ga samari, wuya kan karkace, idanu su kafe sama, harshe ya fito. 'Yan uwa sai su ce iska ce, su ɗauke shi sai gidan boka. Maganin ne ya jawo, kuma akwai makarinsa, irin su Artane. Ku kira likita nan take. Tun kafin sallama ku zaunar da iyalin ku faɗa musu haka na iya faruwa.

Wani kuma ba ya iya zama wuri ɗaya, sai kai da kawowa. Kada ku rubuta cewa ciwo ya ƙaru, har a ƙara masa maganin da ke wahalar da shi. Ku tambaye shi, "Baba, yaya kake jin ƙafafunka?"

Mafi haɗari shi ne zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, zufa da ruɗewa. A ƙasar sauro kowa zai ce maleriya ce. A gwada jinin, amma a dakatar da maganin, a nemo likita, domin wannan yana kisa.

Largactil na saukar da awon jini idan an miƙe farat ɗaya. A zafin Maris na Dapaong, mara lafiya ya tashi a hankali, ya yawaita shan ruwa, ya guji rana.