Adon Salla Da Aikin Hannun Iyali

 

Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata takarda da wani magidanci ya aiko mana daga Kurfi. Ya ce shi manomi ne, 'ya'yansa bakwai, kuma bana ba shi da halin da zai yanko wa kowannensu sabon yadi. Uwargidansa ta ce ya bar mata aikin: za ta farke babbar rigarsa guda ta fitar wa yara maza biyu taguwa, ta rina tsofaffin zannuwanta ta gyara wa 'yan matan, ta ɗinka wa ƙanana huluna. Shi kuwa hankalinsa bai kwanta ba, domin ya ji ana cewa sa sababbin kaya ranar idi Sunna ne, har ya fara tunanin cin bashi wanda zai biya da kaka. Sa'an nan ya ƙara da tambaya ta biyu, wai yaransa sun yi dokin kara da gemun auduga suna yawon tashe, wani maƙwabci ya ce masa wannan aikin jahiliyya ne. Yana so a gaya masa gaskiyar magana.

To, Malam, mu fara da asali. Yin ado ranar idi abu ne da shari'a ta so. Imamu Buhari ya buɗe babin idi biyu a cikin littafinsa da maganar ado, ya kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, wanda ya ga wata jabba a kasuwa ya kawo wa Annabi, sallallahu alaihi wasallama, don ya saya ya riƙa sawa ranar idi da ranar karɓar baƙi. Annabi bai saya ba. Amma a lura da dalili: jabbar ta alharini ce, shi kuwa alharini an haramta wa maza. Bai ce wa Umar yin ado domin idi laifi ne ba. Daga nan malamai suka fahimci cewa al'adar ado a wannan rana sananniya ce a wurin sahabbai, kuma an tabbatar musu da ita. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da ɗaliban zaure suka sani tun daga Katsina har Sakkwato, an ambaci turare da kyawawan tufafi cikin mustahabban ranar. Muhtasar Halil ya ƙara da cewa wannan ya haɗa har da wanda ba zai je masallacin idi ba, watau tsoho da marar lafiya da jaririn da ke goye duk suna da rabo.

Ba za mu ɓoye muku ba, malaman da suka yi sharhin Muhtasar sun fifita sabon tufa a ranar idi, kamar yadda suka fifita fari a ranar Jumma'a. Har ma sun zargi mai wadata wanda zai ƙi yin ado da gangan yana cewa gudun duniya yake yi. Amma duk wannan magana mustahabbi ce, kuma an rataya ta a kan iko. Wanda ya yi ya sami lada, wanda bai samu ba babu zunubi ko kaɗan a kansa. Abin da yake wajibi a kan maigida shi ne ya tufatar da iyalinsa gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara da aya ta 7 a Suratud Dalaƙ suka nuna, ba gwargwadon ƙarfin maƙwabcinsa ba.

Shi kuwa bashi ba abin wasa ba ne. An taɓa kawo gawar wani mutum gaban Annabi, sallallahu alaihi wasallama, ya tambaya ko ana binsa bashi, aka ce dinari uku, kuma bai bar abin biya ba. Annabi ya ja da baya ya ce sahabbai su yi masa salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sa'an nan ya sallace shi. Cin bashi halal ne ga mai bukata wanda ke da niyyar biya da hanyar biya. Amma mutumin da zai jinginar da gero da dawar da ba su ko tsiro ba, domin shaddar da za a sa kwana uku a ajiye, ya sayi mustahabbi da abincin 'ya'yansa na baɗi. In kuwa bashin na ruwa ne, irin wanda ake karɓar buhu ɗaya a biya ɗaya da rabi, to an bar maganar mustahabbi an faɗa haram tsagwaronta. Mutanen ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, waɗanda rashin tsaro ya hana da yawansu noma gonakinsu na nesa a shekarun nan, ga kuma tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023, sun fi kowa sanin abin da ake nufi da kaka ta zo rumbu bai cika ba.

Yanzu mu dubi shawarar uwargida, don a nan ne nake so mu daɗe. Abin da ta ce za ta yi ba ƙasƙanci ba ne, shi ne abin da aka sani a gidan Annabi. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, da aka tambaye ta aikin da Annabi yake yi a cikin gida, ta ce yakan ɗinke tufarsa, yakan gyara takalminsa. Nana Zainabu 'yar Jahshi majemiya ce, tana jima tana ɗinkin fata da hannunta, ta sayar ta yi sadaka, kuma ita ce Annabi ya nufa da ya yi maganar wadda ta fi dogon hannu cikin matansa, watau wadda ta fi kyauta. Kuma da Annabi ya umurci mata su fita idi, Ummu Adiyya ta ruwaito cewa aka ce masa wata ba ta da mayafi, sai ya ce 'yar'uwarta ta ara mata nata. Jama'a, ku duba. Bai ce ta zauna gida ba, bai kuma ce mijinta ya je ya ci bashi ba. Aro ya ce. In dai ana zuwa idi da mayafin aro a Madina, da iznin Annabi, yaya za a ce rigar da uwa ta fitar wa ɗanta daga rigar ubansa ba ta cika Sunna ba?

Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun ga lokacin da kayan Salla daga cikin gida suke fitowa. Tsohuwa tana zaune da mazari da alli tana kaɗi, a kai zaren wurin masaƙi, ya saƙo fari ko saƙi, a kai marina, daga marina a kai mabuga a buge shi har ya riƙa ƙyalli. Babbar riga mai aska biyu ko aska takwas sai ta yi watanni a hannun maɗinki, kuma ba kowace shekara ake yin ta ba. Uba yakan bar wa ɗa, ana wanke ta a sa bula a kai bugu, ta fito Salla goma ba wanda ya ce tsohuwa ce. Ita kuwa hula, yarinya takan fara ɗinka wa wanta ko mahaifinta tun watan Sha'aban, tana ƙirga zare a ƙarƙashin fitilar aci-bal-bal. Auduga kuma tamu ce, ta ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Bayan haka masaƙun zamani suka zo, aka buɗe ta farko a Kaduna a 1957, yadi ya yi araha, kaɗi da saƙa suka ja baya. Su ma masaƙun Kaduna suka durƙushe a farkon shekarun 2000. Muka wayi gari mun saki na hannu, na injin ma ya kuɓuce, sai shadda da leshi da atamfa daga ƙasashen waje, waɗanda farashinsu ke bin dala. Ban ce a koma kaɗi ba, kowane zamani da abinsa. Amma allura da zare ba su ƙaura ba, keken ɗinki yana nan a ɗakunan mata da yawa, kuma har gobe akwai matan da ke ciyar da marayu da ɗinkin hula.

Wani zai ce, ai yaro ba ya gane wannan, sabo yake so. Gaskiya ne yaro yana son abin da zai nuna wa tsararsa, kuma faranta masa ibada ce. An kawo wa Annabi tufafi, a cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar baƙar riga mai zane, ya sa aka ɗauko masa Ummu Halid, yarinya ce da aka haifa a ƙasar Habasha, ya sa mata da hannunsa, yana nuna zanen yana yaba shi da kalmar Habashanci wadda ta saba ji. Abin da yarinyar ta riƙe har girmanta ba kuɗin rigar ba ne, wanda ya sa mata ne da yadda ya sa mata. Maigida, in uwargida ta gama ɗinkin, kai ka kira yaron ka sa masa, ka gaya masa rigarka ce ya gada tun kana da rai, ka riƙe hannunsa ku tafi idi.

Sai maganar tashe. Wanda ya ce duk abin wasan da yaro ya ƙera haram ne, ya yi gaggawa. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labari, kuma Buhari da Muslim duk sun kawo shi, cewa sukan sa 'ya'yansu ƙanana azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har lokacin shan ruwa ya yi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a cikinsu har da doki mai fikafikai biyu na tsumma. Ya tambaye ta doki da fikafikai, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. To, ina bambancin wannan da dokin kara, wanda yaro zai zauna ya fere karan dawa, ya ɗaure da igiya, ya yi masa linzami da tsumma? Tun daga goma ga azumi, in an sha ruwa, yaro ya liƙa gemun auduga ya ɗauki sanda ya zama tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, su bi gida gida a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Asalin wannan wasa ne, kuma da yawa daga cikinsa hannunka-mai-sanda ne ga manya.

Amma maƙwabcin naka ba a rasa gaskiya a bakinsa ba, domin akwai inda tashe ke tsallake iyaka. Shigar da namiji zai yi ya koma mace, ko mace ta koma namiji, hadisin Ibnu Abbas ya zo da tsinuwa a kanta. Yaro ƙarami ba a rubuta masa zunubi, amma uban da ya ɗaura wa ɗansa zane da ɗankwali yana dariya, shi ne abin tambaya. Balagaggen da ya yi haka kuwa ba shi da uzuri. Haka nan shigar da aka yi don a kwaikwayi wani gurgu ko makaho na unguwa, ko a muzanta wata ƙabila, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili. Ga kuma yawon dare: 'yan mata su yi nisa da gida, samari su fake da tashe suna riƙe da makamai, ko a bar sallar Isha'i da asham. A inda dare ba shi da aminci, uba ya tsare yaransa su yi wasansu a ƙofar gida da gidajen dangi, kuma in hukuma ta hana saboda tsaro a bi umurninta.

Wata iyakar kuma a zuci take. Wani sahabi ya tambayi Annabi ko son kyakkyawar riga da kyakkyawan takalmi girman kai ne, Annabi ya nuna masa cewa Allah yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ranar hawan Salla a Katsina, in Maraɗi Hakimin Kurfi da 'Yandaka Hakimin Dutsin-Ma suka biyo da jama'arsu, da alkyabba da rawani da dawaki an yi musu kwalliya, ba wanda zai ce wannan kyau laifi ne. Laifin yana wurin matar da za ta dubi zanen kishiyarta ko na maƙwabciyarta ta taɓe baki, da yaron da aka koya wa ya tambayi ɗan'uwansa nawa aka sayi rigarsa. Irin wannan taɓe baki shi ke tura magidanta wurin masu ba da bashi, shi ke sa mace yaji ana saura kwana uku Salla. Mai hali wanda ya ɗinka wa ɗansa kala uku, da ya rage ɗaya ya aika gidan da suka gudo daga ƙauye ba su fito da kome ba, da ya bi hanyar da Annabi ya nuna a hadisin mayafi.

Saura tambayar da mata kan aiko kowace shekara game da ƙunshi da kitso. Lalle halal ne, kuma in an wanke shi launi kawai yake bari, ba ya hana ruwan alwala isa ga fata. Jan farce kuwa da duk abin da ke yin ɓawo a kan farce ko fata yana hana ruwa, sai an kankare shi alwala za ta inganta. Kitso, ko shuku ne ko zane, babu laifi, muddin ba a ƙara da wani gashi ba, domin hani a kan ƙarin gashi ya tabbata a Buhari da Muslim. Mai ƙunshi kuma ta dubi lokaci: a ɗaura bayan sallar Isha'i, a kwance kafin Asuba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin zakkar fid-da-kai, da irin hatsin da ake fitarwa da wanda ya kamata a ba.