Kwalin Ashana 9: Yadda Za Ku Gwada Riƙon Idon Yaro

Akwai yaron da hadda ba ta ba shi wuya, amma da an ce ya kwafi abin da ke kan allo sai ya tsallake layi, in lissafi ne ya ajiye lamba a gidan da ba nata ba. Iyaye kan ce wasa ne ya yi masa yawa, wani malamin har ya ɗauko bulala. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. Riƙe abin da kunne ya ji daban, riƙe abin da ido ya gani da inda ya gan shi daban. Tun 1974 masana biyu 'yan Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiyar wucin gadi ta magana, tana kuma da wata ta siffa da wuri. Ɗaya na iya yin ƙarfi ɗaya ta yi rauni.

Gwajin da ya fi shahara wajen auna riƙon wuri shi ne na Philip Corsi, wanda ya fito da shi a Jami'ar McGill ta Kanada a farkon shekarun 1970, da 'yan katakai 9 a kan faifai. Za ku iya kwaikwayonsa a gida. Ku nemi kwalin ashana 9 iri ɗaya, ku warwatsa su a kan tabarma, kada ku jera su sahu-sahu. A gefen da ke fuskantarku ku rubuta lamba 1 zuwa 9, yadda yaron da ke zaune gabanku ba zai gani ba. Kafin ku kira shi ku rubuta jerin da za ku bi a takarda, domin wanda ke ƙirƙira nan take yakan manta abin da ya taɓa, sai ya ɗora wa yaro laifi.

Ku fara da kwali 2. Ku taɓa kowanne da yatsa, daƙiƙa ɗaya tsakani, sannan yaro ya taɓa su bi da bi kamar yadda kuka yi. Kowane mataki sau 2, da jeri dabam. In ya ci ko da ɗaya, ku ƙara kwali. In ya faɗi duka biyun, ku tsaya. Jerin mafi tsawo da ya ci shi ne makinsa. Babba mai lafiya yakan tsaya wajen 5 zuwa 6, na yaro bai kai haka ba, yana ƙaruwa ne da shekaru har ya zama matashi. Wata rana ku sake, amma ya fara daga na ƙarshe ya dawo na farko.

Abin da ke ɓata gwajin nan shi ne baki. Kada ku ƙirga, kada ku ce "wannan, sai wannan", kuma kada kwalayen su bambanta da launi. Daga wajen shekara 7 yara kan fara sa wa abin da suka gani suna su riƙa maimaitawa a zuci, to in akwai ja da kore, haddarsa kuka auna, ba idonsa ba. Ku kuma kame fuskarku. Yara gwanaye ne wajen karanta girar uwa.

Don siffa kuwa, ku zana gidaje kamar na dara a takarda, ku cike rabinsu da biro, ku nuna masa na daƙiƙa 3, ku ɓoye, ku ba shi wata mai gidaje babu komai ya nuna waɗanda aka cike. Ku fara da gida 4, ku riƙa ƙarawa.

Sakamakon rana ɗaya ba hukunci ba ne. Yunwa, rashin barci da tsoron mai gwajin duk suna rage maki, shi ya sa na fi son a yi da hantsi bayan an karya kumallo, a kuma maimaita a ranaku dabam. Kada a gwada shi gaban 'yan uwansa, ba gasa ba ce. In kullum yana ƙasa sosai da sa'o'insa, a fara da auna ido, sannan a ga likitan yara. Wannan ya fi zama dole ga mai sikila, ko wanda ya taɓa zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko wanda ya tashi inda ake sarrafa ma'adinai, irin ƙauyukan Zamfara da gubar dalma ta yi wa ɓarna a 2010. Cikakken gwaji mai ma'aunin shekaru aikin masanin halayyar ɗan Adam ne.

Ban ba da shawarar kashe kuɗi kan manhajojin waya masu alƙawarin ƙara ƙwaƙwalwa ba: yaro yakan ƙware a wasan, amma ba lallai hakan ya bi shi aji ba. Gara a roƙi malami ya zaunar da shi gaba, a ba shi abin kwafa a takarda kusa da hannunsa maimakon allo, a saya masa littafin lissafi mai gida-gida, a kuma bar shi ya sa yatsa ko rula a kan layin da yake kwafa.