Yadda Za Ku Gano Yoyon Ruwa a Inji

Rani ya shigo, injunan ban ruwa da na niƙa da taraktoci sun kama aiki ka'in da na'in. A wannan lokaci ne kukan masu inji ke yawa: kullum sai an ƙara ruwa, amma ba a ga inda yake bi ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, haka kuma ba ya raguwa banza. Hanya uku kaɗai gare shi: ko ya ɗiga waje, ko ya fita ya zama tururi, ko kuwa ya zurara cikin inji. Aikinku shi ne ku san wadda ya bi tun ba ku kashe ko kwabo ba.

Da fari ku san irin injinku. Ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur, yawancinsu iska ce ke sanyaya su, ba su da ruwa a ciki. In kun ga ɗiga a ƙarƙashinsu, daga famfon take. Injin niƙa mai buɗaɗɗen tanki a ka, ruwansa tafasa yake yi yana ƙafewa, saboda haka ƙara masa ruwa ba alamar ciwo ba ce. Amma inji mai lagireto da murfi, ruwansa a rufe yake. In yana neman ƙari kullum, lalle akwai yoyo.

Ku tuna da soro mai yoyo da damina. Ruwa kan shiga ta nan, ya bi azara, ya je ya ɗiga can. Haka yake a inji: ruwa yana gangarowa, fanka kuma tana watsa shi. Saboda haka inda ya ɗiga ba nan ne ƙofarsa ba. Ku bi sawunsa sama har wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Ga yadda za ku yi.

1. Ku bari inji ya huce sarai. Ku wanke jikinsa, ku goge, ya bushe. Ku cika ruwa, ku shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinsa, ya kwana.

2. Da safe ku duba kwalin. Sa'an nan ku barbaɗa toka ko garin alli a bakin tiyo da sauran mahaɗai. Ko ɗigo ɗaya ya fito, tokar za ta nuna.

3. Ku ta da inji ya yi zafi, sa'an nan ku kashe, ku duba. Wani yoyon ba ya fitowa sai ƙarfe ya ɗauki zafi. In ruwan ya bushe kafin ku gani, yakan bar farin tabo ko jan tsatsa. Wannan tabo shi ne sawun ɓarawo.

Wuraren da suka fi yin yoyo su ne waɗannan. Bakin tiyo, inda ƙarfen ɗauri ya saki. Jikin tiyo: ku matsa shi da hannu bayan ya huce, in ya tsattsage ko ya yi laushi ainun, ya mutu. Mahaɗin lagireto na sama da na ƙasa. Ƙusar da ake kwancewa a zubar da ruwa. Ƙananan marufai na ƙarfe da ke jikin inji, waɗanda tsatsa ke hudawa. Sai famfon da ke juya ruwa: yana da 'yar ƙofa a ƙarƙashi, in ruwa na fita ta nan, robar cikinsa ta cinye.

In waje a bushe yake, ku koma kan murfin lagireto. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100. Murfi mai kyau, mai lamba 0.9 ko 1.1 a kansa, yana danne shi har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta tsage, ruwa sai ya riƙa fita ta ƙaramin tiyon amai. Ku sa bakin tiyon a gwangwani, ku ga abin da zai taru. Ku duba bel ɗin fanka kuma, ku kakkaɓe ƙaiƙayi da ƙura daga saƙar lagireto, gama su ma suna sa tafasa.

Hanya ta uku ita ce mai hatsari. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai gasket. In ya ƙone, ruwa yakan shiga inda bai kamata ba. Alamunsa: baƙin mai ya yi fari kamar an dama da nono, ko ya ƙaru a ma'auni ba a ƙara ba; farin hayaƙi yana fita ta salansa bayan inji ya yi zafi; ko kuwa in kun buɗe murfi inji na sanyi kuka tayar, ku ga kumfa na tasowa ba fasawa. Da ganin ɗaya daga cikinsu, ku kashe inji ku kira bakanike, domin mai da ya gauraya da ruwa ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe.

Gargaɗi kuma. Kada ku buɗe murfi inji na zafi, tururi zai ƙone fuska. Kada ku kwara ruwan sanyi a injin da ya ƙafe da zafi, kansa na iya tsagewa. Kada ku zuba ƙwai ko garin taba don toshe yoyo, gama har hanyoyin lagireto za su toshe. Ruwan sama da aka tace ya fi ruwan rijiya mai gardi. Ruwan lagireto mai launi kuwa da ake sayarwa yana hana tsatsa, amma yawancinsa guba ne mai zaƙi, ku nisanta shi da yara da dabbobi.

Wanda ya gano yoyo tun yana ɗigo, tiyo kaɗai zai saya. Wanda ya yi ta ƙara ruwa yana cewa sai gobe, wata rana inji zai tsaya masa a tsakiyar ban ruwa, tumatir yana jin ƙishi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.