Darasi: Inda ake samun ƙwararren mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da yadda ake gane na gaskiya

Lafiyar yaro tana rataye da lafiyar uwarsa, ta jiki da ta zuciya. Uwar da damuwa ta danne takan rasa kuzarin shayarwa, ta daina wasa da jaririnta, ta riƙa tsallake ranar awo a CRENAS, har tamowa ta komo wa yaron da ya fara murmurewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ciwo ne mai magani, amma sai an same shi a hannun wanda ya san aikinsa.

Yaushe ake neman taimako?

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko na jego abu ne da aka saba gani, yakan wuce kafin sati 2. Idan baƙin ciki ya zarce haka, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, uwa tana ganin kanta ba ta da amfani, to lokacin zuwa asibiti ya yi. Idan kuwa tana maganar kashe kanta ko cutar da jariri, ko tana jin muryoyin da babu mai jin su, a kai ta a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Daga ina ake farawa?

Ƙofar farko ita ce CSI mafi kusa. A faɗa wa majo ko ungozomar asibiti abin da ake gani, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tun shekarar 2008 OMS ta fito da tsarin mhGAP, domin a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane waɗannan larurori. Abin da ya fi ƙarfin CSI, a rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga can zuwa babban asibitin jiha, kamar na Maraɗi ko na Tawa. Babban asibitin ƙasa na Damagaram da na Yamai suna da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Na Yamai shi ne aka fi sani da Pavillon E. Uwar da ke jinyar ɗanta a CRENI ta tambayi ma'aikata ko akwai mai sauraron damuwar iyaye a wurin.

Ƙwararrun iri uku ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, da ma'aikacin jinya da ya yi karatu na musamman a fannin. Su biyun suna aiki da magani. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam, wanda maganinsa sauraro ne da shawara, ba ya rubuta ƙwaya.

Yaya ake gane na gaskiya?

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ki buɗe wa wani cikinki, ki tabbatar da abubuwa huɗu.

1. Yana da wurin aiki sananne: asibitin gwamnati, ko asibitin kuɗi mai izinin ofishin ministan kiwon lafiya, ko ƙungiyar agaji da ke aiki tare da hukumar lafiya ta gunduma.
2. Majon CSI ya san shi. Farar riga ko kati a wuya ba su isa shaida ba; a kai sunansa ga majo, shi kuma ya bincika a gunduma.
3. Yana tambaya, yana sauraro, yana riƙe sirri, yana ba da ranar komowa. Idan aka biya kuɗi, yana ba da rasit.
4. Magani yana zuwa da takardar likita mai suna da hatimi, kuma an tambaye ki ko kina da ciki ko kina shayarwa.

A guji wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana ɗaya, da mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, musamman tramol da maganin barci, da duk wanda ya ce a yaye jariri ko a bar maganin asibiti. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ɗauri da mari ko duka kuwa ƙara ciwo suke yi.

Aikin wakilin al'umma

Wakili ba ya faɗin sunan ciwo, ba ya ba da magani. Nasa shi ne ya lura yayin ziyarar gida, ya tambayi uwa a keɓe: "Yaya barci? Wa ke taya ki aiki?" Sannan ya fahimtar da maigida da uwar miji da yardarta, ya raka ta CSI, ya komo bayan sati ya ji ko an gan ta. Abin da ya ji a ɗaki, a ɗaki zai tsaya.

Tambayoyin bita

Bayan sati nawa baƙin cikin mai jego yake zama abin kai wa asibiti? Waɗanne alamomi ne ba sa jiran gobe? Idan baƙo ya shigo gari ya ce shi likitan ƙwaƙwalwa ne, wa za a fara tambaya?