Tambaya da Amsa: Juji Zai Iya Zama Lambun Shaƙatawa?

Tambaya: Ni mazaunin Kakau ne, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Kusa da mu akwai juji, ga kuma rami da masu fasa dutse suka bari. Da rani hayaƙi ya dame mu, da damina ramin ya cika, hankalinmu ba ya kwanciya saboda yara. An ce wasu ƙasashe na mai da irin waɗannan wurare lambun shaƙatawa. Zai yiwu a nan?

Amsa: Malam, zai yiwu. Lambun Al-Azhar na birnin Alƙahira tsibin shara ne da ɓaraguzai na kusan shekara 500, kafin gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30 a buɗe shi a 2005. A Mombasa ta Kenya kuwa, ramin da kamfanin simintin Bamburi ya haƙe aka fara dasa wa itatuwa a 1971. Yau shi ne Haller Park, har da dorina da raƙuman dawa.

Sai dai juji ba a yi masa gaggawa. Sharar da aka binne kan daɗe tana ruɓewa, tana fitar da iskar gas mai saurin kama wuta, ruwanta mai guba yana tsatsawa cikin rijiyoyi, ƙasar kuma tana lotsawa. Shi ya sa jujin Freshkills na New York, wanda aka rufe a 2001, har yanzu kashi-kashi ake buɗe shi. Dole a daina zuba shara, a danne ta da yumɓu, a sa bututun fitar da iska, a riƙa gwada ruwan rijiyoyi, sannan a yi shuka. Ramin dutse ya fi sauƙi: a katange shi tun yau, a rage tsinin gaɓarsa.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne a cike wurin a yanka filoti. Gidan da aka gina kan shara bangonsa tsagewa yake yi, kuma fili in ya tafi ba ya dawowa. Ku haɗa kai da mai unguwa da kansilanku, ku rubuta wa ƙaramar hukumar Chikun da hukumar kare muhalli ta KEPA da hukumar tsara birane ta KASUPDA, ku nemi a keɓe wurin a rubuce don amfanin jama'a. Ku sa 'yan jari-bola cikin shawarar, domin nan suke neman abinci. Ku fara da takardar nan, kada masu saye su riga ku.